Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin sufuri da makarantun horo kan kalmomin aiki a jiragen ƙasa, ruwa da sama

Zuwa ga shugabannin hukumomin kula da sufuri, da shugabannin makarantun horar da ma'aikatan jiragen ƙasa, na ruwa da na sama.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, mun rubuto ne kan wani ɓangare na aikinku da ba a cika ware masa kuɗi ko lokaci ba, wato kalmomin da ma'aikata ke furtawa a bakin aiki. Birki yana da ranar dubawa. Kwalekwalen ceto yana da ranar da za a buɗe shi a gwada. Na'urar auna tsayin jirgi ana gwada ta a rubuta sakamako a littafi. Amma maganar da ke fita daga bakin mai sigina zuwa kunnen direba, ko daga hasumiya zuwa matuƙi, ko daga kyaftin zuwa mai riƙe da sitiyari, sau da yawa sau ɗaya ake koyar da ita a aji, a yi jarrabawa a takarda, shi ke nan. Roƙonmu shi ne a ɗauke ta kamar sauran kayan aiki, a koyar, a gwada, a riƙa dubawa, a gyara in ta fara lalacewa. Kuma kada a tsaya kan matuƙa da manyan hafsoshin jirgi. A gangaro har kan mai haɗa taragai, da mai gadin inda layin dogo ya ratsa titin mota, da mai ɗaure igiya a bakin tasha, da direban tankar mai a filin jirgi, da akawun da ke cika takardar kaya.

Dalilin ƙayyade kalmomi a fili yake. A yawancin rediyon aiki mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka danna maɓalli tare, muryoyinsu sukan haɗu su zama ƙara, kuma babu wanda ya san an toshe shi a cikinsu. Ba a ganin fuska, ba a ganin nunin hannu, ga ƙugin inji, ga gajiya, ga kowa da karin harshensa. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, hazo ya rufe titin tashi har hasumiya ba ta ganin jiragen da take magana da su. An karanta wa jirgin KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Izinin hanya ne wannan, izinin tashi daban yake, amma kalmar "takeoff" ta fito a cikinsa. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya ƙara da wata jimla da ba ta cikin ƙa'ida, wadda mai ji zai iya ɗauka "muna wurin tashi" ko kuwa "muna tashi". Jami'in hasumiya ya ce "OK", ya ɗan dakata, sannan ya ce a jira zai kira. Daidai nan matuƙan Pan Am suka danna nasu maɓallin suna cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyin suka haɗu, abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sarai shi ne "OK" ɗin nan kawai. KLM ya fara gudun tashi, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Daga baya aka tsaurara ƙa'ida: ba a furta "takeoff" sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi, duk sauran zancen tashi "departure" ake cewa.

Har yau ɗalibai da yawa na fita daga aji suna zaton "roger" na nufin "e". Ma'anarta na karɓi saƙonka duka, ba ƙari. Wanda ya fahimta kuma zai aikata "wilco" yake cewa. Amsar tambaya "affirm" ce ko "negative". "Standby" na nufin jira zan kira ka, babu izini a cikinta, babu hani. "Unable" ita ce kalmar da ma'aikaci zai ƙi umarnin da ba zai iya bi ba, kuma a ganinmu ita ce aka fi ƙaranta koyarwa alhali tana cikin waɗanda suka fi amfani. Akwai kuma saƙonnin da "roger" ba ta isar musu ba sam, dole a maimaita su da baki: izinin hanya, izinin shiga titin tashi ko tsallake shi ko tsayawa kafin shi, lambar titin da ake amfani da shi, tsayi, alƙibla, gudu, lambar na'urar da ke nuna jirgi a rada, da adadin matsin iska.

Maimaitawa kuma rabin aiki ce. Ɗaya rabin shi ne wanda ya ba da umarnin ya saurari maimaicin da kunnen neman kuskure. Na'urar auna tsayi ba ƙasa take gani ba, matsin iska take aunawa, don haka sai an ba ta adadin matsin wurin, wanda ake kira QNH. Kuskuren hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin matsin iska, ya kai kusan ƙafa 28. Ranar 23 ga Mayu 2022 aka ba wani jirgi ƙirar Airbus A320 da ke sauka a filin Charles de Gaulle na Faris adadin 1011 maimakon 1001. Bambancin goma ya sa jirgin ya bi ƙasa da hanyarsa da kusan ƙafa 280 cikin ruwan sama, ya rage ƙasa da mita biyu ya taɓa ƙasa tun kafin titi, Allah ya kiyaye matuƙan suka fasa saukar suka sake ɗagawa. An sami lokacin da aka faɗa musu adadin daidai, suka maimaita na kuskuren da ya riga ya zauna musu a kai, ba a kama ba. Shi ya sa ake furta lambobi ɗaya bayan ɗaya, aka kuma sauya lafazin uku da biyar da tara a rediyo don kada su rikiɗe.

Lamba ba tare da ma'auninta ba tarko ce. A ranar 23 ga Yuli 1983 wani Boeing 767 na Air Canada yana buƙatar mai kilo 22,300. Masu lissafi suka juya lita da 1.77, wanda na fam ne, maimakon kusan 0.8 na kilo. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin abin da ake zato, injina biyu suka mutu a sama, ya sulalo ya sauka a tsohon filin soja na Gimli ba tare da asarar rai ba. A ruwa ma haka abin yake: mil na teku mita 1,852 ne, ba na tudu ba, kuma tan ɗin da ake rajistar jirgi da shi faɗin cikinsa yake nunawa, ba nauyin kayan da zai ɗauka ba. Duk takardar da ke da gurbin lamba ya kamata a buga ma'aunin a gefen gurbin, kada a bar wa mai cikawa ya rubuta in ya tuna.

Sai matakan neman agaji, kuma nan ne muka fi damuwa. Uku ne a teku. "Mayday" haɗari ne mai tsanani da ke gab da cin rai ko jirgi, ana buƙatar taimako nan take. "Pan-Pan" gaggawa ce da ba ta kai can ba, kamar inji ya mutu jirgi na shawagi nesa da duwatsu. "Sécurité" sanarwa ce ta gargaɗi kan hanya ko yanayi. A sama ana amfani da biyun farko. Kowace ana faɗinta sau uku don kada a ɗauka ambatonta ake yi cikin hira. A teku kiran yana tafiya ta tashar rediyo ta 16, bayan an danna jan maɓallin da ke aika saƙon lambobi ta tasha ta 70, kuma tsarinsa ɗaya ne: kalmar sau uku, sunan jirgi sau uku da alamar kiransa da lambarsa mai lambobi tara, inda yake, abin da ya faru, irin taimakon da ake so, yawan mutanen da ke ciki. A sama mitar gaggawa 121.5 ce, lambar rada kuwa 7700, sai 7600 in rediyo ya mutu, 7500 in an yi fashin jirgi.

Haddace wannan ba wuya. Wuyar ita ce furta shi. Ɗan Adam ba ya son a ce ya tayar da hankali a banza, ƙarami ba ya son ɗaga murya gaban babba, sai ya sassauta magana ya nemi alfarma a inda ya kamata ya ayyana haɗari. Ranar 25 ga Janairu 1990 jirgin Avianca mai lamba 52 daga Kolombiya ya yi fiye da awa ɗaya yana zagaye kafin a ba shi damar sauka a Niyok. Matuƙan sun nemi a ba su fifiko, sun ce mai na ƙare musu. Kyaftin ya ce wa mataimakinsa ya shaida wa jami'ai suna cikin halin gaggawa, amma kalmar da ke sa a share wa jirgi hanya ba ta fita ta rediyo ba. Jami'an sun ji jirgi mai ƙarancin mai, irin wanda suke ji kullum in yanayi ya ɓaci. Injina huɗu suka mutu, mutum 73 cikin 158 suka rasu. Tun 2012 ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya, ta raba maganar gida biyu. "Minimum fuel" sanarwa ce cewa jirgi ya ɗaura niyyar sauka a fili ɗaya kuma duk wani ƙarin jinkiri zai iya taɓa man ajiya na ƙarshe. Ba ta ba shi fifiko. In lissafi ya nuna zai sauka da ƙasa da wannan ajiyar, wadda ta minti 30 ce ga jirage masu injin jet, wajibi ne ya ce "Mayday" sau uku ya ƙara da "fuel". Muna roƙon makarantu su sa kowane ɗalibi ya furta waɗannan kalmomi da babbar murya, sau da yawa, a gaban malamin da ya girme shi, har kunyar ta fita daga bakinsa. Hukumomi kuma su rubuta a fili cewa wanda ya ayyana haɗari da kyakkyawar niyya, daga baya abin ya zo da sauƙi, ba za a hukunta shi ba.

A jirgin ruwa matsalar ta ninka, domin ma'aikatan jirgi ɗaya kan fito daga ƙasashe da dama. Gobarar Scandinavian Star ta ranar 7 ga Afrilu 1990 ta ci mutum 159, kuma da yawa cikin ma'aikatan sababbin ɗauka ne da ba sa jin harshen fasinjoji, ba su kuma yi atisayen gobara tare ba. Wannan na cikin abin da ya kai hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, ga amincewa da daidaitattun jimlolin sadarwa a 2001. Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne alamomin saƙo guda takwas da ake farawa da su: umarni, shawara, gargaɗi, bayani, tambaya, amsa, roƙo, niyya. Kafin mai ji ya gama jin jimlar ya riga ya san ko dole ce a kansa ko zaɓi. An kuma ce a guji kalmomin "wataƙila" da "ya kamata" da "za ka iya", domin ba a san ko izini ne ko iyawa ba. Ba a cewa "ko zan iya shiga mashigi?", sai a ce "Tambaya. Ina da izinin shiga mashigi?" Yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku ta wajabta a tsayar da harshen aiki ɗaya a kowane jirgi a rubuta shi a littafin jirgi. Masu bincike su daina tsayawa kan ganin an rubuta. Su kira mai aikin ɗakin inji su ba shi umarni da wannan harshen su ga abin da zai yi.

Ƙaho ma magana ce. A dokokin kauce wa karo na 1972, gajeren busa kusan daƙiƙa ɗaya ne, dogo kuwa huɗu zuwa shida. Gajere ɗaya: ina karkata dama. Biyu: ina karkata hagu. Biyar ko fiye a jere: ban gane niyyarka ba, ko ina shakkar kana kaucewa. Uku ne masu ƙananan jirage suka fi kuskurewa. Ma'anarsa na sa inji baya, ba wai jirgin yana tafiya baya ba. Mizanin IMO ya yarda jirgi ya ci tazarar da ta kai tsawonsa sau 15 kafin ya tsaya cik, wato jirgi mai mita 300 na iya ci gaba da zuwa har kilomita huɗu da rabi injinsa na juyawa baya. Mai kwalekwalen da ya ji busa uku ya ratsa ta gabansa ya fassara kalma ba daidai ba. Alamomin mashigi ma ba ɗaya suke ko'ina ba: a Afirka da Turai da yawancin Asiya ja na hagun mai shigowa tasha, a nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin kuwa ja na damansa.

Shiru kuma ba rahoto ba ne. Jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ranar 6 ga Maris 1987 ƙofofin gabansa a buɗe. Wanda zai rufe yana barci, kyaftin ba ya hango ƙofofin daga inda yake, kuma tsarin kamfanin shi ne in ba a kawo rahoton matsala ba to komai daidai ne. Ruwa ya cika benen motoci, jirgin ya kife cikin kusan daƙiƙa 90, mutum 193 suka rasu. Muna so ku bi ƙa'idojin da ke ƙarƙashinku layi-layi, duk inda aka rubuta "in ba a ji komai ba a ci gaba", a mayar da shi "ba a motsawa sai an ji an rufe daga bakin wanda ya gani".

A layin dogo direba ba ya iya kaucewa, kuma jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa kan buƙaci kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya. Maganar da aka faɗa masa ita ce idonsa a kan abin da ke bayan kwana. Littafin ƙa'idar layin dogo na Birtaniya ya hana a ce layi "ba a buɗe yake ba", sai dai a ce layi "a toshe yake", saboda in ƙara ta cinye kalmar korewa abin da ya rage shi ne kishiyar saƙon. Wannan darasi ya shafi Hausa da duk harshen da ake aiki da shi: kada ran mutane ya rataya kan ɗan ƙaramin "ba". Littafin ya kuma tsayar da wanda ke jagorantar zance, yawanci mai sigina, shi zai tabbatar da wa yake magana, a ina yake, a kan wane layi, sannan ya sa a maimaita. Wajen tura taragai da oba-oba, dokar Amurka ta ce mai ba da umarni ya faɗi tazara, kuma in direba ya ci rabinta bai ji sabon umarni ba ya tsaya. An ce masa tarago goma, ya ci biyar bai ji murya ba, birki. Batir na iya mutuwa, mai maganar na iya faɗuwa, ƙa'idar ta rufe duka biyun.

Kalmar da muke so a tsaya a kanta sosai ita ce "an ɗaure jirgi", wato an tabbatar ba zai gangara ba in an bar shi. Birkin iska yana riƙewa ne muddin akwai iska a tankuna, iska kuwa tana zurarewa a hankali in inji ya daina cika ta. Saboda haka ɗaurin gaskiya na birkin hannu ne, kuma gwajinsa shi ne a ɗaura adadin da nauyin jirgi da gangaren wurin suka buƙata, a saki birkin iska gaba ɗaya, na taragai da na kan jirgi, wato injin da ke ja, sannan a ga ko zai motsa. A daren 5 ga Yuli 2013 aka ajiye jirgi mai tankokin ɗanyen mai 72 a kan gangare a Nantes ta ƙasar Kanada. An ɗaura birkin hannu bakwai, aka yi gwajin birkin iskar kan jirgi na kame, don haka gwajin ya nuna abin da ba gaskiya ba. Wuta ta tashi a injin jirgin da aka bari a kunne, 'yan kwana-kwana suka kashe injin kamar yadda aikinsu ya tanada, iska ta zurare. Jirgin ya gangara kusan kilomita 11 ba kowa a ciki, ya kauce daga layi a tsakiyar garin Lac-Mégantic, mutum 47 suka rasu. Masu bincike sun ƙiyasta ana buƙatar birkin hannu 17 zuwa 26. Kowa a daren ya ji cewa jirgin a ɗaure yake, ba wanda ya tambayi birki nawa, kuma an saki na iska ko ba a saka ba. Rahoton ɗauri ya kamata ya zama jimla mai gurabe: birki kaza, a kan taragai kaza, an saki iska, an gwada, bai motsa ba.

Inda layi ɗaya ne jirage ke bi ta fuska biyu, izinin shiga yanki shi ne komai. A Abermule ta yankin Wales, ranar 26 ga Janairu 1921, an mayar wa direba da ƙarfen izinin yankin da ya baro, wato ƙarfen da ake ba direba shaidar izinin shiga yanki, maimakon na wanda zai shiga. Sunan yankin na rubuce a jiki, bai karanta ba, mutum 17 suka rasu. A Bad Aibling ta Jamus, ranar 9 ga Fabrairu 2016, mai kula da zirga-zirga ya ba jirgi sigina ta musamman ta wuce ja, da ya gane kuskurensa ya yi kiran gaggawa sai ya danna lambar da ba ta zuwa ga direbobi. Mutum 12 suka rasu. Kiran gaggawa ba abin da za a fara lalube ranar buƙata ba ne, a riƙa gwada shi da hannu a kan na'urar gaske.

Wurin da aka fi sakaci shi ne inda hanyoyin uku suka haɗu, kamar tashar ruwa mai layin dogo a ciki ko sashen kaya na filin jirgi. Jar fitila a layin dogo tsaya ce. A jikin jirgin ruwa gefen hagu take nunawa. A fitilun da ke jagorantar saukar jirgin sama ja biyu da fari biyu na nufin kana daidai, ja huɗu ka yi ƙasa da yawa. Direban mota a filin jirgi da rediyonsa ya mutu dole ya san cewa ja tsayayye daga hasumiya tsaya ne, ja mai ƙyaftawa kuwa fita daga titin ne. Sunayen wurare ma kalmomin aiki ne. A filin Linate na Milan, ranar 8 ga Oktoba 2001, matuƙin ƙaramin jirgi da ya ɓata hanya cikin hazo ya faɗi alamar da yake gani a ƙasa, S4, alamar ba ta cikin taswirar da jami'in hasumiya ya sani, ya bar shi ya ci gaba, har ya yi karo da babban jirgin da ke tashi. Mutum 118 suka rasu.

Kaya masu haɗari suna da harshe ɗaya a hanyoyin uku: aji tara, da lambar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lambobi huɗu. Fetur 1203 ne, dizal 1202. Sunan kasuwa ba ya maye gurbin wannan lamba. A ranar 11 ga Mayu 1996 aka loda wa jirgin ValuJet kwalaye na gwangwanayen samar da iskar numfashi, takardar ta ce babu komai a cikinsu. Wa'adinsu ne ya ƙare, sinadarin na nan da ƙarfinsa, ba a kuma sa musu murfin kariya ba. Suka kama da zafi a ɗakin kaya, jirgin ya faɗi a fadamar Everglades ta Florida da mutum 110. Tsakanin "wa'adinsa ya ƙare" da "ya ƙare" akwai rayuka, kuma akawun da ke cika takardar shi ne mutumin da ba a cika kai wa horo ba.

Ga abin da muke nema a aikace. Kowace hukuma ta fitar da kundin kalmomin aiki guda ɗaya, mai lambar bugu da kwanan wata, a janye tsohon in sabo ya fito. Kowace kalma ta zo da abu huɗu: yadda ake furta ta, ma'anarta cikin harshen da ma'aikacin ke tunani da shi, abin da ba ta nufi ba, da aikin da ya hau kan wanda ya ji ta. Na ukun shi ne aka saba bari, shi ne kuma inda haɗari ke ɓuya. Bayani da Hausa ko wani harshe na gida ba ya nufin a fassara kalmar a rediyo. Wadda duniya ta tsayar ta zauna yadda take, domin jirgin da ke jinka wataƙila daga wata nahiya yake. Amma ma'aikacin da ya haddace sauti bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, ranar da abu ya fita daga tsarin da ya saba ba shi da abin faɗa. Masu fassarar kundin su zauna da direbobi da matuƙa da masu sigina, su gwada kowace jimla a kan mutanen da ba su taɓa jin ta ba, su tambaye su me za su yi in sun ji ta. Sanarwar gaggawa ga fasinjoji kuwa, ita ce ya wajaba a fassara, a naɗe ta tun kafin ranar buƙata: inda za a taru, yadda ake ɗaura rigar ceto, da cewa busa gajere bakwai da dogo ɗaya kira ne zuwa wurin taruwa, ba umarnin faɗawa ruwa ba, domin barin jirgi sai da umarnin kyaftin.

Jarrabawa ta zama ta baki da kunne, a cikin ƙara, mai jarrabawa yana dasa kuskure da gangan a maimaici ya ga ko za a kama. ICAO ta riga ta nuna hanya: matakai shida na ƙwarewar harshe, na huɗu shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda a yi aiki da shi, ana auna fannoni shida, kuma makin mutum shi ne mafi ƙasa da ya samu a cikinsu, ba matsakaici ba. Mai mataki na huɗu ana son a sake gwada shi duk shekara uku. Ba mu ga dalilin da zai hana masu sigina da jami'an tashar ruwa samun irin wannan ba. Bayan jarrabawa, a riƙa ɗaukar samfurin kiraye-kirayen da aka naɗa, ko da goma ne a wata daga kowane ɗakin kula da zirga-zirga, a saurara tare da masu muryar: an faɗi suna, an faɗi wuri, an maimaita, an tabbatar? A yi shi don gyara, domin ranar da ya zama hanyar yanke albashi ma'aikata za su koma wayar hannu, inda ba a naɗa komai.

A ƙarshe, a daidaita kalmomin rahoto. Rataye na 13 na yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin sama ya bambanta haɗari, da babban lamarin da ya kusa zama haɗari, da ƙaramin lamari, ya kuma ce manufar bincike hana maimaituwa ce, ba ɗora laifi ba. In fom ɗin rahoto ba shi da gurbin tsallake rijiya da baya, ba za a rubuta ba. Siginar SN109 da ke kusa da tashar Paddington ta Landan an wuce ta tana ja sau takwas cikin shekara shida kafin ranar 5 ga Oktoba 1999, lokacin da karon Ladbroke Grove ya ci mutum 31. Muna roƙon a ƙara gurbi a kowane fom na hanyoyin uku mai tambaya ɗaya, ko an sami saɓanin fahimta a magana kuma wace kalma ce, a tattara amsoshin duk wata shida, a aika wa makarantun horo da masu kula da kundin kafin bugu na gaba.

Allah ya taimake ku a kan wannan aiki.

Naku cikin girmamawa,
Wasu malaman horo da ma'aikatan sufurin ƙasa, ruwa da sama